Kafin Ka Ba Masu Shiga Kogo Amsa

Ka ce jiya ba na nan wasu samari suka zo shago, 'yan wata ƙungiya ta masu hawan duwatsu da shiga kogwanni, su kusan saba'in, suna son 'yar mujallar da za su riƙa fitar wa junansu duk bayan wata uku. Kansu ya rabu: wasu na cewa a buga a takarda, wasu na cewa a haɗa PDF a tura ta WhatsApp kowa ya huta. Kai kuma kana tambaya, "Maigida, me zan ce musu?" Da wata tambayar ce da na tura ka wurin manyan yaran shago, don ina da aiki a kan inji. Amma wannan ka fama mini tsohon gyambo, sai ka zauna ka ji.

Ɗaga kai ka dubi saman kanta. Ƙullin nan biyar da ƙura ta rufe, waɗanda na hana kowa taɓawa, mujallar irin waɗannan mutanen ce. Kwafi 500, ko ɗaya ba a karɓa ba.

Tun kafin ka zo shagon nan aka yi abin. Sakatarensu ne ya zo, mutum mai fara'a da daɗin baki, riƙe da wasu tsofaffin mujallu na ƙungiyar masu binciken kogo ta Amurka. Ya ce tun 1941 aka kafa ta, kuma duk wata tana fitar wa 'ya'yanta mujalla, su ma irinta suke so. Sun je Yankari, sun shiga kogwannin Marshall, ɗakunan nan 59 da mutanen dauri suka fafe a jikin dutse, sun auna wasu da igiyar awo da kamfas, ɗaya daga cikinsu ya zana taswira da hannu a kan babbar takarda. Da ya shimfiɗa ta a kan teburin nan, wallahi aikin ya shiga raina. Shekara da shekaru ina buga katin biki da rasit da kalandar 'yan siyasa, yau ga aikin da zan nuna wa abokan sana'a in ce ni na yi. Son aikin ne ya rufe mini ido, ban karɓi kafin alƙalami ba. Ya ce shugabansu ya yi tafiya, da ya dawo za a sa hannu a cek. Na ce ba komai, ai duk musulmi ne.

Na tambaye shi su nawa ne a ƙungiyar, ya ce sittin, amma 500 suke so don za su raba wa jami'o'i da ma'aikatu. A nan ya kamata in tsaya. Mutum sittin, kwafi 500, wa zai biya kuɗin sauran 440? Ban tambaya ba.

Shafi 16 ne, duk mai kala. Ka san Kord ɗinmu, babbar na'urar bugun nan, kala ɗaya take ɗauka a tafiya ɗaya, shafi huɗu a kowace fuskar takarda. Fuska huɗu, kowace da filet huɗu, wato farantin ƙarfen da ake ɗaura wa inji, kowace kala da nata, 16 ke nan, ga na taswira na 17. Kowace takarda sai ta bi ta cikin inji sau takwas kafin ta zama abin karantawa. Sannan ga hotunan. Hoton cikin kogo kusan duk baƙi ne, ɗan hasken tocila ne kawai a tsakiya. Na fara da takarda mai giram 80, tawada ta yi mata yawa, ta ratsa ta baya, wadda ke sama ta shafi wadda ke ƙasa kafin su bushe. Da safe na ɗaga, sun manne kamar an shafa musu ƙaro. Na zubar da wannan kashin gaba ɗaya, na shiga kasuwa na sayo takarda mai sheƙi da kuɗin da na ajiye don gyaran injin yanka. Kwana shida muna bugawa da janareta, man ma daga aljihuna. Taswirar kuwa sau uku na sake zana ta da kaina, don layukan da mai zanen ya ja sun yi siriri, suna ɓacewa a filet.

Ana cikin ɗinki sai ya kira ni. Wai shugaba yana Abuja, yana son ya ga aikin kafin ya sa hannu, in taimaka in tura PDF. Na tura masa cikakke, mai kyaun, wanda na fitar da filet da shi. Bayan kwana uku wani ɗan ƙungiyar ya zo buga katin ɗaurin aure, bai san komai ba, ya ciro waya yana murna ya ce, "Alhaji, ai mujallarmu ta fito." Ya nuna mini. Aikina ne, shafi bayan shafi, har da taswirar da na hana idona barci a kanta. Jikina ya yi sanyi.

Na kira sakatare. Ya ce kwamiti ya zauna, an ga bugawa ɓarnar kuɗi ce, zamani ya canza, kowa ya riga ya karanta a wayarsa. Na ce to aikin da na gama fa? Ya ce za a duba. Wata huɗu ina sintiri, yau ba ya nan, gobe ma'aji bai zo ba. Daga ƙarshe ya aiko yaro da ambulan, kuɗin da ko filet bai biya ba, wai ladan tsara shafuka. Na mayar masa da abinsa. An ba ni shawara in sayar wa masu ƙosai da tsire su riƙa naɗi, na ƙi, domin akwai Bismillah a shafin farko, kuma sunan maɗaba'ata yana bayan kowace ɗaya. Har yau in na haɗu da shi a masallacin Juma'a sai in canza sahu.

To ga amsarka. Ba zan tsaya ina gaya maka yawan shafi ya rabu huɗu-huɗu ba, ko yadda ake jera su, wanda bai san wannan ba bai kamata ya riƙe tsintsiyar shago ba.

Duk da bugu ne abincina, ba zan yi musu ƙarya ba. Sanarwar taro, kuɗin wata, wa zai je tafiya, wa zai kawo igiya, duk wannan su tura a waya. Kafin mu buga mu ɗinke, labarin ya tsufa. Amma taswira da rahoton abin da suka auna, wannan na takarda ne, kuma ba na ja da kowa a kai. A cikin kogo babu sabis, akwai laka da danshi, batir yana mutuwa. Sannan taswira tana da ma'auni. Wanda ya zana ta a A3, in aka matse ta zuwa A4 ta koma kusan kashi 71 cikin 100 na girmanta, a fuskar waya kuwa kowa da yadda zai ja ta da yatsa. In an rubuta ma'aunin da lamba kawai, ya zama ƙarya ke nan. Ka sa su zana sandar ma'auni a jikin taswirar, wadda za ta ƙanƙance tare da ita. Layukan kuma baƙi zalla, filet ɗaya. In ka bar su baƙin da aka haɗa da kala huɗu, inji ya ɗan goce, layi ɗaya zai zama uku, mutum ya ga hanya inda bango ne.

Kuma takarda tana jira. Ka tuna yaran nan 'yan ƙwallo 12 da kocinsu da ruwa ya rufe a kogon Tham Luang na ƙasar Tailan a 2018. Cikin abin da masu ceto suka dogara da shi akwai awon da wasu Faransawa suka yi wa kogon tun shekarun 1980, suka rubuta suka ajiye. Ku yaran yanzu, wayar da kuke riƙe da ita shekara uku da suka wuce tana ina? An sace, ko ta faɗa ruwa, ko an goge komai don a sami wurin bidiyo. Mai kula da zauren WhatsApp ya yi fushi ya fita, tarihin ƙungiya ya bi shi.

Akwai kuma abin da ba za su yi tunaninsa ba sai ka faɗa musu. PDF ƙafa gare shi. Da ka tura wa mutum saba'in, ka tura wa gari. Wurare irin Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu, masu zanen mutanen da a jikin dutse, yaro ɗaya da gawayi ko fenti ya isa ya ɓata abin da ya yi ɗaruruwan shekaru. Saboda haka kwatancen bakin kogo ya tsaya a ta takarda, wadda ake miƙa wa ɗan ƙungiya hannu da hannu. Ta waya a cire shi.

Mutum saba'in, kada ka kusanci Kord. Kuɗin filet kaɗai zai cinye su. Ka fitar musu da kwafi 80 a injin dijital, kuma ka ba su shawara su riƙa bugawa sau ɗaya a shekara, mai kauri, da taswira a tsakiya mai buɗewa. Hotuna su kawo na asali daga kyamara. Wanda ya bi ta WhatsApp an riga an matse shi, a kwamfuta zai yi maka kyau, a takarda ya fito kamar an shafa toka. Ku da kun ga abu yana haske a fuskar kwamfuta shi ke nan kun yarda, kun ɗauka iya tsara shafi a manhajar CorelDraw shi ne iya bugu. Ka fitar da shafi ɗaya ka fita da shi rana ka duba da idonka.

Kuɗi kuma, kashi biyu cikin uku a hannu kafin ka buɗe kwamfuta. Gwaji a takarda za su gani, a nan shagon, su sa hannu a kowane shafi. PDF ba ya fita sai an cika sauran, ko da shugabansu yana Makka ne. Shi ma PDF ɗin ka sa masa kuɗinsa daban, don aiki ne.

Ka ce su zo ranar Alhamis bayan la'asar da ainihin taswirar, kuma da ma'ajinsu zan yi magana. Kafin nan ka sa tsani ka sauko da ƙulli ɗaya daga sama, ka kakkaɓe shi, ina so su gani.