Yadda za ka ɗauki hoton tsofaffin kwabbai rubutunsu ya fito

Malam, ka ce kana da anini da kwabo mai huji na zamanin Turawa, amma duk hoton da ka ɗauka da waya sai ƙyalli ya cinye rubutun. Matsalar daga haske take, ba daga wayar ba.

Fara kashe filashi. Hasken da ya daki ƙarfe kai tsaye komowa yake yi cikin kyamara. Ajiye kwabon kusa da taga da hantsi, inda rana ba ta bugawa, hasken ya shigo ta gefe ɗaya a karkace. 'Yar inuwar da yake haifarwa ita ke fito da tauraron nan mai tsini 6 da rubutun Larabcin da ke jikin aninin. In ɗaya gefen ya yi duhu, jingina farar takarda a can ta maido haske. Juya kwabon a hankali har shekarar da ke jikinsa ta fito ɓaro-ɓaro.

Shimfiɗa baƙin ƙyalle mara sheƙi a ƙasa. Ɗora wayar kan tarin littattafai ka saita ta ɗauka bayan daƙiƙa 3, don hannu na rawa. Kada ka matso sosai, hoton zai dushe.

Don Allah kada ka goge shi da toka ko lemon tsami wai ya yi kyau. Masu saye sun fi son tsohon launinsa, gogewa kuma karya farashi take yi. Riƙe shi ta gefensa, ka ɗauki fuska biyun.

Batun daraja ko gane jabu kuwa, hoto ba ya wadatarwa. Kai wa ƙwararren dillalin tsofaffin kuɗi ya auna nauyinsa.