An ɗora maka hoton bikin aboki: tambayoyinku kan kyamara da kayanta

Wasiƙun wannan karon kusan bakinsu ɗaya. Aboki zai angwance ko ƙawa za ta amarce, an saba ganin mutum da kyamara rataye a wuya, sai aka ce ai ga namu a gida, me za a nemi wani. Shi kuma kunya ta hana shi cewa a'a. Ga waɗanda na zaɓo.

Tambaya: Malam, abokina zai yi aure nan da mako uku, ya ce ni zan ɗauki hotunan. Ina da Canon 2000D da gilashin da ta zo da shi, 18-55mm. Ina so in sayar da ita in cika kuɗi in sayi mai babbar sensa kafin ranar. Wacce ka ga ta dace?

Amsa: Babu ko ɗaya, ɗan'uwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sabuwar kyamara sai yatsunka sun san inda kowane maɓalli yake ba tare da ka duba ba, kuma mako uku ba zai ba ka wannan ba. Ango zai juyo ya kalli amaryarsa na daƙiƙa biyu, kai kuwa kana cikin menu kana neman inda aka ɓoye ISO, saitin da ke ƙara wa kyamara ƙarfin ɗaukar hoto a ƙarancin haske.

Kyamararka mai megafiksel 24 ce, ta ishe ka. Gilashin ne zai ba ka kunya. Idan ka zuƙo shi zuwa 55mm, ƙofar haskensa ba ta wuce f/5.6 (ƙaramar lamba bayan f, babbar ƙofa), kuma a cikin zauren taro da dare wannan kamar leƙen ɗaki ne ta ramin makulli. Gilashin 50mm f/1.8 yana shigar da hasken da ya kusan ninka wancan sau goma, kuma yana cikin mafi araha da kowane kamfani yake yi. Sai dai sensar kyamararka ƙarama ce, don haka 50mm zai yi maka aiki kamar 80mm. Ya yi kyau ga fuska da rabin jiki, amma a ƙaramin ɗaki za ka yi ta ja da baya har ka tokari bango ba ka shigar da mutum huɗu ba. Idan za ka iya ɗaukar haya na kwana biyu, nemi 17-55mm f/2.8 na Canon ko 17-50mm f/2.8 na Sigma ko Tamron. Shi zai zauna a kyamarar kashi 80 cikin 100 na yinin, 50mm ɗin yana aljihu.

Kada daɗin f/1.8 ya kwashe ka. A tazarar mita biyu, abin da zai fito tar bai fi zurfin santimita 11 ba. Idon ango zai fito, amaryar da ke ɗan bayansa ta koma hazo. Mutum biyu, f/2.8 zuwa f/4. Hoton dangi sahu biyu ko uku, f/5.6 zuwa f/8, ka saita kan sahun gaba, ka danna aƙalla sau biyar domin dole wani ya ƙifta ido.

Tambaya: Ni ba na son filashi, yana sa fuska ƙyalli kamar an shafa mai. Zan iya yin bikin ƙawata ba tare da shi ba?

Amsa: Malama, wanda ba kya so shi ne ɗan ƙaramin da ke tasowa a kan kyamara yana watsa wa mutane haske tsakiyar goshi. Wannan kam ki bar shi a rufe. Ki nemi na ɗorawa, mai kan da ke juyawa sama da gefe, wanda yake auna haske da kansa, wato mai TTL, irin Godox TT685 da aka yi wa samfurin kyamararki. Ki juya kansa ya kalli silin, ɗan baya kaɗan ta saman kafaɗarki. Hasken zai daki silin ya dawo a baje, mai laushi, kamar na taga. Fara da saurin shota 1/125 na daƙiƙa, wato tsawon lokacin da haske zai shiga kyamara, f/4, ISO 800 zuwa 1600, domin bayan mutane ma ya fito, kada su zama kamar suna tsaye a bakin kogo.

Wurare biyu dabarar take mutuwa. Idan silin mai launi ne, launinsa zai sauka a fatar kowa, jan silin jan fuska. Idan kuma ya yi tsawo sosai ko a fili ake, babu abin da zai maido hasken, sai ki zaro ɗan farin katin da ke kan filashin ki rage ƙarfinsa. Kada saurin shota ya wuce 1/200 ko 1/250, gwargwadon kyamara, in ba haka ba baƙin layi zai cinye gefen hoton. Masu Canon 2000D da 4000D da 250D su leƙa mazaunin filashin, da yawansu sun zo babu ƙarfen nan na tsakiya, kuma filashin da ya dogara da shi ba zai tashi ba. A gwada tun a wurin saye.

Tambaya: Na ci sa'a na samu memori mai 256GB a intanet da araha ƙwarai. Guda ɗaya ya ishe ni duk bikin ko? Ba na son wahalar canje-canje.

Amsa: Wannan ita ce wasiƙar da ta sa na ajiye kofina. Mutum zai yi wata guda yana kwatanta kyamarori, ya kalli bidiyo hamsin kan gilashi, sannan ya ɗauki ranar da ba za ta maimaitu ba ya zuba ta cikin ɗan abin da bai kai girman babban yatsa ba, wanda ya saya don ya fi kowanne araha. Ɗan'uwa, hoto mai duhu ana gyara shi, wanda ya karkace ana daidaita shi. Wanda babu shi fa? Za ka ce wa ango a sake taron ne?

Fara da ko memorin naka na gaske ne. Na jabu ana sauya ɗan kwakwalwar da ke cikinsa ne ya riƙa faɗa wa kyamara cewa shi 256GB ne, alhali ainihin cikinsa wataƙila 16GB. Hotunan farko za su shiga lafiya. Da ya cika, sai ya ci gaba da karɓa yana zubarwa, ko yana rubuta sabo a kan tsoho. Sunayen fayiloli suna nan reras, lambar hotuna tana ƙaruwa, hankalinka kwance. Sai ka isa gida ka buɗe a kwamfuta, ka tarar da hoto rabi toka-toka, na gaba ya ƙi buɗewa, na bayansa ma haka. Babu manhajar da za ta dawo da abin da tun farko ba a rubuta ba. Gwajin ba shi da wuya: sa shi a kwamfuta, ka kunna H2testw idan Windows ce, ko F3 idan Mac ko Linux ce. Za ta cika shi maƙil sannan ta karanta abin da ta rubuta. Yana ɗaukar sa'o'i, ka bar shi ya kwana yana yi. Kuskure ko guda ɗaya ya fito, jefa shi a shara. Na gasken ma sai an yi masa wannan gwajin, domin sabo fil yana iya zuwa da lahani.

Ko da ya ci gwajin, ban yarda da guda ɗaya ba. Hoton RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta matse shi ba, na kyamara mai megafiksel 24 yana cin 25MB zuwa 30MB, wato memori mai 32GB zai ɗauki kusan dubu ɗaya, mai 64GB kusan dubu biyu. Sayi huɗu masu 32GB ko uku masu 64GB daga sanannen kamfani irin SanDisk ko Lexar ko Kingston, a wurin dillalin da za ka iya komawa ka tsare shi. Nemi alamar U3 ko V30, ma'ana ba ya sauka ƙasa da 30MB a daƙiƙa wajen rubutu. Ka canza a gaɓoɓin taron, kada ka jira ya cika: shirin safe memori ɗaya, babban taron wani, hotunan dangi wani, liyafar dare wani. Idan ɗaya ya mutu, kashi ɗaya ka rasa. Wanda ka cire, tura ɗan makullin gefensa ƙasa, ka kifa shi a cikin gidansa domin ka san an yi amfani da shi, ka sa a aljihun da ke jikinka mai zif. Ba a jakar kyamara ba. Jaka ake ɗaukewa a wurin taro.

Wanda kyamararsa take da gurbi biyu, irin Nikon D750 da D7200 da Z6 II, ko Sony A7 III, ko Canon R6, ko Fujifilm X-T4, ba shi da uzuri ko kaɗan. Amma sa memori biyu kawai bai wadatar ba, kuma a nan ake yawan faɗawa rami. Da yawansu daga kamfani an saita su ne su koma na biyu idan na farko ya cika. Shiga menu ka zaɓi rubutu a duka biyun lokaci guda, ka ɗauki hoto uku, ka ciro kowanne ka tabbatar da idonka suna ciki. Idan haya za ka ɗauko, wannan gurbi na biyun ya fi ƙarin megafiksel daraja nesa ba kusa ba.

Sai halayen da ke kashe memori mai lafiya. A cikin kyamarar ake yi masa fomat, wato a share shi tas a shirya shi, daren jajibiri, ba a kwamfuta ba. Kada ka zare shi fitilar rubutu tana ƙiftawa. Kada ka bar batir ya mutu tsakiyar ɗauka. Kada ka zauna a gefe kana goge hotuna ɗaya-ɗaya don samar da wuri, haka ake danna “goge duka” da gajiyayyen yatsa. Kuma kada ka miƙa wa kowa kyamarar ya leƙa hotonsa, duk yadda ya marairaice. Idan tsautsayi ya faɗa, kyamara ta ce ba ta iya karanta memori ko ka goge bisa kuskure, tsaya cak. Cire shi, kada a ƙara rubuta komai a kai, kada ka amsa tayin fomat. Manhajojin PhotoRec ko Recuva sukan dawo da mafi yawa matuƙar ba a rubuta sabo a kansu ba.

A daren, kafin ka cire takalmi, kwafe komai a kwamfuta, sannan a diski na waje, na uku kuma a intanet ko a wani diskin da ba ya kwana gida ɗaya da sauran. Memorin kuwa ba a taɓa su sai hotuna sun isa hannun masu su.

Tambaya: Batir nawa zan tanada?

Amsa: Kyamara mai madubi a ciki, wato DSLR, biyu zuwa uku, marar madubi huɗu. A ma'aunin CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara, D750 mai madubi tana yin hoto 1,230 da caji ɗaya, A7 III marar madubi kuwa 610 ta maleƙa, wato tagar da ake sa ido, ka ga bambancin. Filashi saiti uku na AA masu caji, irin Eneloop. Caja ta biyo ka. Ka kuma rage kallon allo bayan kowane hoto, ba zai canza ba don ka ƙura masa ido.

Tambaya: Da na gwada, farar riga tana fitowa fari fat babu ɗinki babu ado, wani lokacin kuma fuskoki su yi duhu. Kyamarar ce ta lalace?

Amsa: Lafiyarta ƙalau, wayonta ne kaɗan. Ma'aunin haskenta yana ƙoƙarin maida duk abin da ya gani toka-toka. Idan farin yadi ya cika hoton, sai ta rage haske, fuska ta nutse. Idan baƙar kwat ko duhun zaure ya rinjaya, sai ta ƙara, rigar ta ƙone. Kunna gargaɗin nan da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙiftawa a allo. Ƙara haske da maɓallin +/- har fuska ta yi daidai, da zarar rigar ta fara ƙiftawa ki koma baya kashi ɗaya bisa uku na lamba ɗaya a ma'aunin. Ki ɗauka a RAW, domin duhun fuska ana ɗago shi a kwamfuta, amma farin da ya ƙone ya tafi ke nan. Idan a rana ake, ki kai su inuwa, ko ki sa ranar a bayansu ki cike fuskar da ɗan filashi. Saurin shota kuma kada ya gaza 1/125 ga masu tsayuwa, 1/250 ga masu tafiya, 1/500 ga masu rawa idan babu filashi. ISO 3200 mai ɗan yashi-yashi ya fi hoto mai santsi da ya girgiza.

Tambaya: Na sa kyamarata a yanayin shiru don kada in dami mutane, sai hotuna suka fito da ratsi-ratsi.

Amsa: Fitilun LED suna ƙiftawa da saurin da ido ba ya gani, shotar lantarki kuma layi-layi take karanta sensa, sai ta kama ƙiftawar. Koma shotar inji, ka kunna saitin hana ƙiftawa idan akwai. Idan dole sai shiru, gwada 1/100 inda wuta take 50Hz, ko 1/125 inda take 60Hz. Fitilun leza na wurin rawa kuwa kada ka bari su shiga gilashinka kai tsaye, suna ƙona sensa, kuma tabon ba ya gyaruwa.

Tambaya: Ina da sauran kuɗi kaɗan. In sayi jirgi marar matuƙi ko matokarin kyamara mai ƙafa uku?

Amsa: Jirgi, a bikin farko, a saman kawunan surukan mutane? Allah ya shirye ka. Mai ƙafa uku kuma zai wuni jingine a lungu har wani yaro ya yi tuntuɓe da shi. Ari ko hayo kyamara ta biyu ta ko-ta-kwana, wadda take karɓar gilasanka da filashinka, ko tsohuwa ce. Daidaita agogonta da na ta farko har zuwa daƙiƙa, domin hotunan su jeru daidai a kwamfuta. Abin da ya rage ka sayi takalmi mai taushi.