Ƙanenka da gambarar zamani

Malam, ka ce ƙanenka a ƙauyenku na wajen Gumel ya nace sai ya zama mawaƙin gambarar zamani, wato hip-hop, ta ina zai fara?

Ta wayarsa. Ya riƙa rera baitoci a dandali bayan an taso daga gona, a ɗauka, a sa a TikTok. Ita kanta waƙar a unguwar talakawa ta Bronx a Amurka ta samo asali, wajen 1973. Amma ya riƙe Hausarsa, karin magana da habaici su ne jarinsa. Turancin aro dariya kawai zai jawo masa. In baitocin sun nuna, ya tara kuɗin situdiyo a Zoo Road, Kano. Kuma kada ya ba kowa kuɗin "tallata shi" kafin ya ga aiki.