Scotty ko Geordi? Ni dai Kaylee

Kana tambayar wa ya fi iya gyaran jirgin sama jannati tsakanin Scotty da Geordi na shirin talabijin Star Trek, to ni wallahi Kaylee ta shirin Firefly na 2002 zan ɗauka. Scotty gwani ne amma akwai wayo, aikin awa ɗaya sai ya ninka wa kyaftin lokacin don a ce ya yi bajinta, shi da bakinsa ya ba Geordi wannan shawarar da suka haɗu a wani kashi na shirin a 1992. Geordi kuwa ɗan boko ne, jirgi sabo fil, kwamfuta na taya shi ga yara birjik a ƙarƙashinsa. Ita fa Kaylee ko makarantar injiniya ba ta yi ba, jirginsu Serenity tsohuwar akwala ce kuɗin kayan gyara ma babu, amma haka take lallaɓa injin yana tashi.