Suga na ta faɗuwa, fata na ta duhu: duk ciwo ɗaya ne?

Tambaya: Salam Likita, ƙanwata ce ke da ciwon suga tun tana ƙarama, tana allurar insulin, to kwanan nan sugan sai faɗuwa yake ko an rage allurar, ga jiri in ta miƙe, fatarta ta yi duhu har dasashi, gishiri kuwa lasa take kamar me. Wai duk sugan ne?

Amsa: Wa alaikissalam 'yar uwa. Gaskiya ban yarda a jibga wa suga komai ba, mutum ɗaya kan iya ɗaukar cuta biyu ko uku. Abin da kika lissafa ya fi kama da cutar Addison, wadda likita Thomas Addison ya bayyana a 1855, wato ƙullutun da ke saman ƙoda ya daina fitar da sinadarin kotisol mai hana suga da ƙarfin jini faɗuwa, kuma garkuwar jikin da ta lalata ƙwayoyin da ke yin insulin ita ce dai ke juyowa kansa, wani lokaci har da tayirod na maƙogwaro. Ba kasafai ake gani ba shi yasa take ɓuya.

A auna mata kotisol da sassafe, da gishirin jini wato sodiyam da fotasiyam. In an samu matsalar tayirod ma, Addison ake fara yi wa magani. Amai ko suma kuwa, asibiti take yanke.