Tambaya da Amsa: Ina son karanta tarihin siyasar duniya a jami'a, ta ina zan kama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce daga Aboabo a Kumasi, na gama sakandare, na yi Tarihi da Gwamnati a jarrabawar WASSCE. Ina son in karanci tarihin siyasar duniya na zamani a jami'a, amma Baba ya ce wannan labarin yaƙe-yaƙen Turawa ne kawai, kuma ba ya ciyar da mutum. Don Allah yaya ake shiga, me ake koya, kuma a ina ɗalibai suka fi tuntuɓe?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka, ki gaishe da Baba.

Hanyar shiga ba ta da wuyar bayani. A Ghana ana samun wannan ilimi ne ta Tarihi ko Kimiyyar Siyasa, ko a haɗa biyun. KNUST da ke nan kusa da ke tana da sashe guda da ya haɗa Tarihi da Nazarin Siyasa. A Jami'ar Ghana ta Legon kuwa kowanne da sashensa. Digirin shekara huɗu ne. Ana duba darussa shida na WASSCE, uku na dole uku na zaɓi, kada ɗaya ya gaza C6, kuma Turanci da Lissafi suna cikin na dolen. Ana tara makin shidan, mai ƙaramar jimilla shi ne a gaba. Iyakar makin da ake karɓa tana sauyawa, don haka ki duba ta bana a shafin jami'ar kafin ki sayi fom.

Abin da ake koya kuwa, ƙashin bayansa shi ne yadda iko ya riƙa sauya hannu a duniya. Galibi ana ɗaukowa daga taron Berlin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka shimfiɗa ƙa'idojin rabon Afirka, a bi ta Yaƙin Duniya na Ɗaya da sulhun Versailles na 1919, sai Yaƙi na Biyu. Daga nan a tsaya sosai a kan shekara biyu da suka haifi tsarin da muke ciki har yau: 1944, da aka kafa tubalin Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni a Bretton Woods, da 1945, da aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya aka ba ƙasashe biyar kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu. Sai Yaƙin Cacar Baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, har faɗuwar katangar Berlin a 1989 da wargajewar Sobiyet a 1991.

To, maganar Baba cewa labarin Turawa ne, nan nake so in daɗe, domin a nan ne za ki gane daɗin karatun. 'Yan mazan jiyan da suka yi maci a Accra ranar 28 ga Fabrairu 1948, aka harbe uku daga cikinsu a mararrabar Christiansborg, daga Yaƙin Duniya na Biyu suka dawo, da yawansu daga fagen yaƙi na ƙasar Bama (Burma). Wannan harbin ne ya tayar da tarzomar da ta gaggauta 'yancin 1957. Yankin Volta da muke zuwa yau, wani ɓangarensa ƙasar Togo ce ta Jamus, wadda aka raba wa Ingila da Faransa bayan Yaƙi na Ɗaya, sai ƙuri'ar raba gardama ta 1956 a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya ta haɗe ɓangaren Ingila da mu. A Disamba 1958 Accra ta karɓi taron al'ummomin Afirka, Patrice Lumumba na Kwango yana cikin mahalarta. Da rikicin Kwango ya ɓarke a 1960 sojojin Ghana suna cikin rundunar Majalisar da ta je. Nkrumah ya halarci taron Belgrade na 1961 da ya kafa ƙungiyar 'yan ba-ruwanmu, a daidai lokacin da yake neman kuɗin Amurka da na Bankin Duniya don gina madatsar Akosombo. Kuma ranar 24 ga Fabrairu 1966 da aka hamɓarar da shi, yana kan hanyar Hanoi ne neman sulhun yaƙin Biyetnam.

Mu 'yan zango ma tarihin nan ya shigo har tsakar gidanmu. Dokar korar baƙi ta 1969 a zamanin Firaminista Busia ta raba iyalai a Kumasi da Accra, sannan a 1983 Najeriya ta koro 'yan Ghana kimanin miliyan ɗaya. Tambayoyin wane ne ɗan ƙasa, wa ya shata iyaka, wa ke da ikon korar wani, su ne zuciyar wannan fanni. Ki tambayi Baba abin da ya ji ko ya gani a waɗannan shekarun. Ina da yaƙinin hirar za ta yi tsawo.

Yanzu ga inda ake tuntuɓe. Na farko, kuma mafi yawa, shi ne ɗauko ɗabi'ar sakandare a shigo da ita jami'a. A can ana ba ki maki idan kin haddace abin da ya faru; a nan tambayar ita ce me ya sa ya faru, kuma mene ne hujjarki. Misali a ce: "Me ya jawo juyin mulkin 1966?" Ɗalibi mai rauni zai ba da labarin Nkrumah tun daga haihuwarsa a Nkroful, lokaci ya ƙare bai taɓa tambayar ba. Wadda ta iya kuwa, a sakin layi na farko za ta faɗi matsayinta. Sai ta ɗauki dalilai uku ko huɗu, kowanne da sakin layinsa da shaidarsa: faɗuwar farashin koko a kasuwar duniya a 1965 da ƙarancin kaya a kasuwa, dokar tsare mutum ba shari'a ta 1958 da mayar da ƙasa jam'iyya ɗaya a 1964, fushin hafsoshin soja kan rundunar tsaron shugaban ƙasa da aka fifita, da kuma ƙiyayyar ƙasashen Yamma. Sannan ta auna su, ta ce wanne ya fi nauyi, ta kawo hujjar mai saɓa mata ta amsa. Aunawar nan ita ke raba maki mai kyau da na tsaka-tsaki.

Na biyu shi ne jingina komai ga dalili guda. Za ki ji ana cewa duk abin da ya samu Afirka hannun waje ne. Hannun waje gaskiya ne, takardu sun tabbatar da shi a wurare irin su Kwango, amma wanda ya tsaya nan ya ɗauke wa 'yan gida alhakin abin da suka aikata da hannunsu. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aikinki ki nuna tsagewar, ki nuna ƙadangaren.

Na uku, rikicewar shekaru. Maganinsa takarda ce babba, ki raba ta gida uku: duniya, Afirka, Ghana, shekaru a gefen hagu daga 1914 zuwa yau. Duk abin da kika karanta ki sa shi a gidansa. Da kin ga rikicin mashigin ruwan Suez na 1956 yana saman 'yancin Ghana da layi ɗaya, za ki fara tambayar ko raunin Ingila a can yana da nasaba da yadda ta riƙa sakin sauran ƙasashen da ta mallaka.

Akwai kuma yarda da duk abin da aka buga. Kowace takarda ki yi mata tambaya huɗu: wa ya rubuta, yaushe, wa yake wa magana, me yake son a yarda da shi. Rahoton gwamnan mulkin mallaka da jawabin ɗan gwagwarmaya duk shaida ne, amma ba wanda ya faɗi gaskiya dukanta. Kwafe rubutun wani daga intanet ba tare da ambaton mai shi ba kuwa laifi ne da ke iya jawo faɗuwa a darasin ko ma kora. Tun daga makon farko, duk abin da kika ɗauko ki rubuta sunan marubuci, shekara da lambar shafi a gefensa, domin neman su a daren miƙa aiki shi ke jefa ɗalibai cikin wannan laifi.

A shekarar ƙarshe ana rubuta dogon bincike. Ki zaɓi ƙaramin abu da za ki iya kamawa. "Yaƙin Cacar Baka a Afirka" ya fi ƙarfin shekara ɗaya, amma yadda dokar 1969 ta shafi 'yan kasuwar goro na Kumasi abu ne mai yiwuwa. Hukumar adana takardun tarihi ta PRAAD tana Accra kuma tana da reshe a Kumasi, akwai ma'adanar takardu ta fadar Manhyia, akwai ɗakin karatu na Balme a Legon da na George Padmore a Accra. Hausarki a nan jari ce: dattawan zango suna da shaidar da ba ta cikin kowane fayil, kuma ba kowane mai bincike ne zai iya zama da su ba tafinta ba.

Batun abinci, gaskiya ce digirin ba ya kai mutum ofis kai tsaye kamar aikin jinya. Bayan hidimar ƙasa ta shekara ɗaya, masu shi sukan shiga koyarwa, aikin jarida, aikin gwamnati da ƙungiyoyin raya ƙasa, wasu su ɗora da karatun lauya. Mai son diflomasiyya yakan ƙara digiri na biyu, misali a LECIAD, cibiyar nazarin harkokin ƙasa da ƙasa da diflomasiyya ta Legon, kuma gurabun ma'aikatar harkokin waje kaɗan ne, masu nema da yawa. Abin da ke fifita mai nema shi ne iya rubutu mai tsabta da ƙarin harshe. Maƙwabtanmu uku, Togo da Burkina Faso da Kodebuwa, dukkansu da Faransanci suke aikin hukuma, kuma Faransanci da Larabci suna cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. Idan kina da Larabcin makarantar Islamiyya ki riƙe shi da kyau, Faransancin kuma ki fara shi tun yanzu da kike jiran sakamakon neman gurbi.