Me ya kai Richie Mo'unga kulob ɗin Toshiba a Japan?

Tambaya: Ina bin wasan zari-ruga tun gasar cin kofin duniya ta 2023. Na ji an ce Richie Mo'unga ya bar New Zealand ya koma wani kulob mai suna Toshiba a Japan. Toshiba da na sani kamfanin talabijin da kwamfuta ne. Mene ne tarihin kulob ɗin, kuma su wa ke buga masa wasa?

Amsa: Malam, Toshiba ɗin da ka sani ce, ba wata ba. Cikakken sunan kulob ɗin Toshiba Brave Lupus Tokyo, mazauninsa garin Fuchu da ke yammacin Tokyo, inda kamfanin yake da babbar masana'anta. An kafa shi a 1948 domin ma'aikata su riƙa motsa jiki bayan an tashi daga aiki. Yawancin manyan kulob na Japan haka suka faro: Panasonic, Toyota, Suntory, Kubota, duk kamfanoni ne. Har yau akwai 'yan wasan da ma'aikatan kamfani ne, suna ritaya daga fili su koma ofis.

Da aka soma gasar Top League a 2003, Toshiba ta mamaye shekarun farko, ta ci kofi sau 5 daga kakar 2004-05 zuwa ta 2009-10. Daga nan sai ruwa ya ɗauke, shekara 14 babu kofin gasa. A 2022 aka sauya tsari, gasar ta koma League One. Mai horarwa Todd Blackadder, tsohon kyaftin ɗin New Zealand, ya ɗauko Mo'unga da Shannon Frizell bayan kofin duniya na 2023, kuma a kakarsu ta farko suka doke Saitama Wild Knights da ci 24-20 a wasan ƙarshe. A 2025 suka sake ɗaga kofin, wannan karon a kan Kubota Spears, 18-13.

Tafiyar Mo'unga ta jawo surutu domin New Zealand ba ta gayyatar ɗan wasan da ke bugawa a waje, wato da ya sa hannu a kwantiragin ya haƙura da rigar ƙasarsa na ɗan lokaci. Kuɗin Japan da gajeriyar kakar wasanta suna jan irin waɗannan taurari.

Amma a ganina ƙashin bayan kulob ɗin Michael Leitch ne. An haife shi a Christchurch ta New Zealand, ya zo makaranta a Sapporo ta Japan yana ɗan shekara 15, ya shiga Toshiba a 2011. Shi ne kyaftin ɗin Japan a 2015 ranar da suka kayar da Afirka ta Kudu 34-32 a gasar kofin duniya a Brighton ta Ingila. Ana dab da tashi suka samu bugun da zai ba su kunnen doki, ya ƙi, ya ce nasara suke so, suka kuma same ta. Bayan shi, a kakar 2024-25 akwai Warner Dearns, dogon ɗan wasan gaba haifaffen New Zealand, da Jone Naikabula ɗan asalin Fiji mai gudu a gefe, dukansu Japan suke wakilta.

In za ka kalli wasansu, nemi karawarsu da Suntory Sungoliath. Su ma a Fuchu suke, gari ɗaya, kuma wasan kan yi zafi.